Sunan da Na Ƙi Gogewa

Litinin, 7 ga Fabrairu 2000, da yamma

Imel ya sake tsayawa. Tun da safe mutane ke leƙowa ɗakin na'ura ɗaya bayan ɗaya, kowa da fuskar wanda aka ci wa amana, sai ka ce ni na kwashe saƙonninsu na zuba a jakata. Na ce musu ruwan jiya ne ya taɓa layin waya. Layin kuwa ya dawo tun kafin shayin safe, amma saƙonnin suka ƙi motsi, suka yi jerin gwano a cikin Tsohuwa.

Ni har yau ban ga dalilin da za a ɗauki na'urar da ke lissafin albashin kamfani da kowane buhun ganyen shayi da ke sito, a ce kuma ita ce ɗan aike ba. Baƙar aba mai tsayin firji, ta fi Bwana Manaja son sanyi, ta fi shi saurin fushi. Mista Kalua, shugabana, shi ya ce za ta iya, shi ya ɗora mata imel da hannunsa, shi ya sa mata suna Tsohuwa. Ta iya ɗin kuwa, amma sai in yana zaune a gabanta. Kujerarsa babu kowa a kai tun da ciwo ya kwantar da shi bayan sabuwar shekara.

Dab da tashi Mista Makwinja na ofishin ma'aikata ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa don sanyin ɗakin ba ya yi masa.

"Mayi Esnath, a cire sunan Kalua daga na'ura. Ke kaɗai muke jira." Mayi, wato uwargida, haka yake kirana.

Na san tsarin, kowa ya sani. In za a sallami mutum, sito su karɓi rigar ruwa da takalma, gareji su karɓi makullin babur, ɗakin na'ura ya goge suna. Sannan ofishin gidaje su karɓi makullin gida, babbar motar kamfani ta tsaya a ƙofa ta kwashe mutum da iyalinsa da tukwanensa zuwa garinsu. Ba a tsallake ko ɗaya. Sito da gareji har sun gama nasu, ko kunya babu. Ke nan in na danna maɓalli, shi da matarsa da yara uku sun bar gidan kamfani na Kanjedza.

Na ce masa ba zai yiwu ba. Imel ɗin kamfani gaba ɗaya da sunan Kalua yake aiki, kowane akwatin saƙo a wurin Tsohuwa mallakarsa ne, har na Bwana. In na goge sunan, su ma sun bi shi.

"To sai yaushe?"

"Sai na bincika."

Duk abin da na gaya masa gaskiya ne. Abin da ban gaya masa ba, ana iya mayar da komai kan wani sunan, aikin yini guda ne. Ba da hannuna za su fitar da mutumin nan daga gida ba.

Talata, 8 ga Fabrairu, rana tsaka

Ranar gwanjon shayi, ranar da Tsohuwa ta fi son ta kunyata ni. Bwana da kansa ya sauko.

"Esnath, masu saye a Landan suna jirana, ni ina jiranki, ke kuma wa kike jira?"

"Tsohuwa, Bwana."

"Ki gaya mata ita ma ana iya yi mata ritaya."

Na tsayar da komai na sake tayarwa: layi da farko, sai mai karɓar saƙo, sai mai rabawa. Na juya biyun ƙarshe, sai da na maimaita yana tsaye a kaina yana numfashi. Mista Kalua yana yin wannan da hannu ɗaya, ɗayan yana ɓare gyaɗa, bakinsa yana gardamar ƙwallo.

Da ta tashi, koren rubutu ya cika allo daga sama har ƙasa, kowane layi da sunansa a gefe, WKALUA, WKALUA, duk suna aiki. A wurin Tsohuwa dai bai yi fashin ko rana ɗaya ba.

Laraba, 9 ga Fabrairu, da yamma

Ban je Kanjedza ba. Ruwa ake yi.

Juma'a, 11 ga Fabrairu, lokacin abinci

Cikin Tsohuwa ya kusa cika. Wata a sashen lissafi ta tura hotunan bikin ƙanwarta ga kowa da kowa, har da manajojin gona a Thyolo, kowane akwati ya samu nasa kaso. In cikin nan ya cika ba imel kaɗai zai tsaya ba, za ta kashe kanta ne da albashi da komai.

Na bi tebur tebur ina roƙon mutane su share tsofaffin saƙonni, kamar mai tallan tumatir. Hotunan biki sun yarda. Da na nuna musu sauran tarin kuwa, kowa ya kawar da kai. Wani magatakarda ya ce min, "Achemwali, 'yar'uwa, waɗannan sanarwar rasuwa ce. Ke za ki iya goge mutum sau biyu?" Ban san sun yi yawa haka ba sai yau da na gan su a jere. Bana sun kusa kamo saƙonnin shayi.

Na bar musu. Na share nawa tarkacen, na samu ɗan wuri.

Litinin, 14 ga Fabrairu, da safe

Makwinja. Na ce ina jiran amsa daga Johannesburg. Ban tambayi kowa komai a Johannesburg ba.

Laraba, 16 ga Fabrairu, bayan tashi

Tsawa ta ƙone modem, na'urar da ke haɗa Tsohuwa da layin waya. Na ari na sashen fitar da kaya, suka ba ni kamar suna ba da ɗiyarsu aure, da sharuɗɗa.

Ina durƙushe bayan Tsohuwa ina haɗa waya na tuna ranar da aka ɗora imel ɗin nan. Asabar ce, Bwana zai karɓi baƙi ranar Litinin yana so ya yi musu burga. Mista Kalua ya shiga da sunansa ya fara aiki, na ce masa littafi ya ce a buɗe wa imel suna na daban. Ya ce, "Achemwali, littafin nan a ƙasar da ba a ɗauke wuta aka rubuta shi. Bari ya tashi tukuna, ranar Litinin sai in gyara." Da saƙon farko ya shigo, ya miƙe ya yi rawar mutanen garinsu na arewa a tsakiyar ɗaki, da taye da komai, har mai gadi ya leƙo. Litinin ɗin nan ta gyara shekara biyu ke nan ba ta iso ba.

Da ya ji maganata, da tuni sun goge shi a minti ɗaya ba tare da sun tambaye ni ba. Yau ce rana ta farko da na gode wa taurin kansa.

Alhamis, 17 ga Fabrairu, rana tsaka

Makwinja ya tare ni a matakala.

"Mayi Esnath, kin je kin ga Kalua kuwa?"

"Aiki ya yi min yawa."

"Je ki gan shi. In kin dawo sai mu yi magana."

Wato in je in ga yadda ya koma, in dawo in ce lallai ba shi da sauran amfani. Mutumin da ya kwana a ɗakin nan ƙarshen shekara don kada albashinsu ya rikice. Na ce masa ganin mutum ba ya cikin aikina. Ya gyara wandonsa a kan tumbi ya wuce. Na tsani mutumin nan.

Asabar, 19 ga Fabrairu, da yamma

Na sayi lemun zaƙi a kasuwar Limbe. Na hau ƙaramar bas ta Kanjedza, da aka zo wurin sauka ban yi magana ba, na zarce. Yaran maƙwabta sun sha lemu.

Litinin, 21 ga Fabrairu, lokacin abinci

A kantin abinci Che Amidu, direban babbar mota, ya ɗauko farantinsa na nsima, tuwon masara, ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Achemwali, yaushe za ki sake ni in kama hanyar Rumphi, garin su Kalua? Na canja taya, na ɗinke tamfol. Ruwan nan in ya ƙara ƙarfi, hanyar can ba ta da mutunci."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Che Amidu, alawus ɗin tafiya ne ya hana ka barci? Har ka ɗinke tamfol don ka kwashe kayan mutane ka zubar?"

Ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya dube ni. Dattijo ne, ban kyauta ba, amma ban janye ba. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki," ya ɗauki farantinsa ya koma wajen direbobi.

Kowa a kamfanin nan sauri yake yi. Imel kaɗai ne ba ya sauri.

Talata, 22 ga Fabrairu, da yamma

Gwanjo. Ta tsaya sau biyu. Saƙon Bwana zuwa Mombasa ya yi ta dawowa, ya kira ni yana faɗa, na duba na ga ya rubuta adireshin da waƙafi a wurin ɗigo. Na gyara na ce masa matsalar layi ce, don in na faɗi gaskiya sai faɗan ya ninku.

Alhamis, 24 ga Fabrairu, da safe

An kira ni sama. Bwana a kujera, Makwinja a tsaye. Bwana ya ce in abin ya fi ƙarfina zai ɗauko wani daga Harare, ya ji ana cewa aikin yini ɗaya ne. Na ce duk wanda zai taɓa Tsohuwa ana saura kwanaki a biya albashi, ya fara rubuta wa ma'aikatan gona bayanin dalilin da ya sa ba su ga kuɗinsu ba. Wannan ya rufe masa baki. Ya ce bayan ƙarshen wata, ba ƙari.

Na samu mako guda. Ban san abin da zan yi da shi ba. Ina dai ture ranar ne, kamar yadda ake ture kwano zuwa bakin tebur.

Makwinja ya biyo ni har ƙofa ya ce, "Mayi," sai kuma ya fasa. Na rufe ƙofata.

Lahadi, 27 ga Fabrairu, bayan coci

Matar Mista Kalua, NyaMhango, tana layin gaba da yaran. An sa sunansa cikin waɗanda ake yi wa addu'a. Da aka tashi na ga tana waige-waige, na fita ta ƙofar gefe ta wajen mawaƙa.

Ba wai ban damu ba ne. Na taɓa ganin wuyan riga ya yi wa mutum yawa, na ga yadda agogo ke zamewa har gwiwar hannu. Yaya Elton, wana da na yi jinya har ya rasu, ya ishe ni. Ba zan sake zama a bakin gado ina cewa kai, ka yi kyau yau, ba.

Abin da zan iya shi ne na'ura. Shi nake yi.

Talata, 29 ga Fabrairu, da yamma

Albashi da gwanjo a rana ɗaya. Firinta ta cinye takarda, imel ya tsaya, wuta ta tafi, janareta ya yi tari kafin ya kama. Ban zauna ba. Ban je ba.

Laraba, 1 ga Maris, rana tsaka

NyaMhango ta zo ofis.

Mai gadi ya rako ta har ɗakin na'ura. Ta shigo cikin sanyin ba ta ko ja zaninta ba, ta ƙi kujerar da na miƙa, wadda tasa ce. Ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi mutanen gida, sannan ta ce:

"An ce min ke kika riƙe mu."

Na ce haka ne, kuma zan ci gaba da riƙewa iyakar ƙarfina, kada ta damu, babu mai taɓa musu gida. Har da ɗan alfahari na faɗa.

Ta dube ni kamar na yi wani yare.

"Wane gida? Achemwali, shi ya nemi a sallame shi. Tun watan Janairu, da kansa ya je wurin Makwinja, ranar da ƙafarsa ta iya ɗaukarsa. Gida yake so ya tafi. Mahaifiyarsa tana Rumphi, ba ta iya hawa mota. Shi kuma ba ya iya zaman bas, sai inda zai kwanta. Motar kamfani muke jira."

Tsohuwa tana ta ƙugi a bayana.

"Kayanmu a ɗaure suke tun farkon watan jiya. Daga kwali nake ciro cokali in mayar. Kullum da safe sai ya ce in ajiye masa takalmansa a bakin gado. Da farko yana cewa aiki ne ya yi miki yawa. Yanzu ya daina cewa komai, yana sauraron ƙarar motoci ne kawai. Na neme ki a coci."

Na ce ban sani ba.

"Da kin zo da kin sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi min sallama, ta fita.

Laraba, da yamma

Na je.

Kwalaye har rufi, an ɗaure da igiya, an rubuta sunan kowa a jiki da rubutunsa. Labule ma an cire. Yana kwance a falo kan katifa, kusa da taga mai kallon titi. Ba zan rubuta yadda yake ba.

Muryar dai tasa ce. "A'a, ga injiniya. Kin kashe min Tsohuwa ne kika zo ta'aziyya?"

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce tana nan tana ba ni wahala.

"Layi, mai karɓa, mai rabawa. Har yanzu kina juya su?"

"Wani lokaci."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, muka jira ta wuce. Sannan ya ce, "Esnath, mayar da kaya kan wani suna ni na koya miki. Aikin yini ɗaya ne."

"Na sani, Achimwene." Haka nake kiransa, wato babban wa.

"Na san kin sani."

Na soma bayani, gida, yara, makaranta. Ya ɗaga hannu kaɗan.

"Na gane tun tuni. Na gode. Amma ni ba gidan kamfani nake nema yanzu ba. Ki goge ni, don Allah. Ki fara kwafe komai a kaset, kada ki yi ganganci irin nawa."

Takalman suna nan a bakin katifa, an goge su. A bas na yi kuka, kwandasta bai karɓi kuɗina ba.

Alhamis, 2 ga Maris, da safe

Na tsayar da imel ban tambayi kowa ba. Na manna takarda a ƙofa, na kulle ta ciki, na sa kaset.

Alhamis, rana tsaka

Bwana ya buga ƙofa da tafin hannu har na buɗe.

"Wa ya ba ki izini? Masu saye suna tabbatar da odar gwanjo yau. Ki tayar da shi, ki yi wannan ranar Asabar."

"Asabar ta yi nisa, Bwana."

"Mako uku kina ce min ba zai yiwu ba, yau kuma Asabar ta yi nisa?"

"I, Bwana. A yi musu fakis."

Ya ce in ɗauka wannan gargaɗi ne, na biyu zai zo a rubuce. Na ce to. Makwinja ya iso yana haki, ya ja shi gefe, ban ji me ya gaya masa ba. Bwana ya tafi bai sake kallona ba.

Na tare Makwinja. "Me ya sa ba ka gaya min shi ya nema ba?"

"In ce miki me, Mayi? In tsaya a matakala in ce mutum yana so ya tafi gida don me? Irin wannan ana faɗa ne? Na ce ki je ki gan shi."

Na ce to ya saki motar yau mana, in ƙarasa nawa daga baya. Ya ce ya gwada tun makon farko, gareji ba sa sakin mota sai sun ga takardar da Tsohuwa ta buga da kanta cewa sunan ya fita, tun abin da ya faru da motar da aka yi dakon masara da ita. Dokar ma Kalua ne ya taya su tsarawa.

Alhamis, da yamma

Kaset ya kai kusan ƙarshe wuta ta tafi. Janareta ya yi jinkiri, batir ya riƙe Tsohuwa amma na'urar kaset ta tsaya. Sai an faro daga farko.

Na zauna ina kallon allo. Zan iya tsallake kwafin in wuce kai tsaye. In abu ya lalace, saƙonnin kamfani na shekara biyu sun tafi, ni ma na bi su, kuma ban damu ba. Amma in ya lalace a tsakiya, sunan ba zai gogu ba sai an kwana biyu ana gyara. Na sa sabon kaset. Yini guda ya tafi a banza.

Juma'a, 3 ga Maris, da hantsi

Kwafi ya gama. Na buɗe sabon suna, IMEL kawai, na fara mayar da kaya. Tsohuwa tana ɗaukar akwatunan ɗaya ɗaya kamar mai tsintar wake. Na yi mata magana, na lallashe ta, na zage ta. Waya tana ta ƙara, na cire ta daga bango.

Juma'a, dab da tashi

Ya gama. Na tayar da imel a sabon suna, ya tashi tashin farko, saƙonnin kwana biyu suka zubo.

Sai na buga umarnin goge WKALUA. Tsohuwa ba ta yi gardama ba, layi ɗaya ta rubuto a ƙasan allo cewa an goge. Abin da na yi mako uku ina tsare da shi bai kai tsawon atishawa ba.

Makwinja yana tsaye a bakin firinta, a cikin sanyin, ya yage takardar tun ba ta gama fitowa ba. Na leƙa ta taga na gan shi yana gudu zuwa gareji, da tumbin da komai. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba.

Mota ba ta nan. An tura ta Thyolo ɗauko shayi tun jiya, tun da ba wanda ya san yau zan gama, ta kafe a laka.

Asabar, 4 ga Maris, da yamma

Tarakta ta ciro ta. Che Amidu ya sauke shayi, ya wanke bayan motar da kansa. Gobe da sassafe.

Lahadi, 5 ga Maris, da hantsi

Ban je coci ba, na je Kanjedza.

Maƙwabta sun loda kaya kafin rana ta fito. Che Amidu ya jera kwalaye ta yadda suka bar wuri a tsakiya, ya shimfiɗa katifa biyu, ya ɗaga tamfol ta gefe ɗaya don iska. Maza huɗu suka fito da shi a kan kujera. An sa masa takalman, ba su taɓa ƙasa ba. NyaMhango ta ce min, ba da faɗa ba, farkon watan jiya yana iya takawa har bakin titi.

Da aka kwantar da shi ya kira ni da yatsa. Na taka taya na leƙa.

"Wane suna kika ba ta?"

"IMEL."

"Shekara biyu kina da wannan basirar kika ɓoye min." Ya lumshe ido. "Ki gaishe ta. Kada ki bari su cika mata ciki."

Na ba Che Amidu haƙuri kan maganar kantin abinci. Ya ce, "Wace magana?" ya hau ya tayar da mota. Mutumin ofishin gidaje yana gefe da makulli a hannu, ya jira sai da suka sha kwana kafin ya kulle ƙofa.

Litinin, 6 ga Maris, da yamma

Imel bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ba labari.

Talata, 7 ga Maris, da yamma

Gwanjo lafiya. Bwana ya ce a manta da gargaɗi, aiki ya yi kyau. Ba labari. Ƙauyensu babu waya.

Laraba, 8 ga Maris, rana tsaka

Che Amidu ya dawo. Bai tsaya gareji ba, ya zo ɗakin na'ura da lakar hanya a ƙafarsa, ya cire hula a bakin ƙofa. Na ce ya zauna, ya ƙi.

Ya ce har suka wuce Lilongwe Mista Kalua yana magana, yana gaya wa yara sunan kowane dutse. A Kasungu ya sha shayi rabin kofi, ya tambaya ko an fara ganin itatuwan arewa. Bayan Jenda NyaMhango ta ƙwanƙwasa gilashin baya. Che Amidu ya tsaya a gefen hanya, ya sauke yaran ya zagaya da su gaban mota, ya ba su rake. Daga nan ya ja a hankali har Rumphi, ko da yake babu sauran dalilin ja a hankali.

Ya ce sun tarar da mahaifiyar Mista Kalua a zaune a ƙofar gida. Tun Janairu take share ɗakin kullum, take sa a ɗora ruwan wanka in ta ji ƙarar mota. An binne shi jiya a bayan gida, kusa da mahaifinsa.

Ya juya hular a hannunsa.

"Da zan taho ta riƙe min hannu, ta ce ɗana, an ce min farkon wancan watan za ku zo, me ya tsayar da ku? Na ce mata hanya ce, Amama, uwata, ruwa ya ɓata hanya. NyaMhango tana wurin, ba ta ce komai ba. Na zo in gaya miki ne don in wata rana kin je can, ki san abin da na faɗa."

Na ce na gode. Ya sa hularsa ya fita.

Ba hanya ba ce.